Fentin Injiniya Tamau

A duk layinmu babu gidan da ruwa ke jin tsoro kamar gidan Injiniya Tamau. Mu sauran jahilai sai famfo ya fashe muke bazama neman mai gyara. Shi kuwa, Allah ya ƙara masa basira, tun kafin ɓarna ta ɗaura niyyar zuwa yake tare ta a bakin ƙofa. Rigakafi ne karatunsa, safe da yamma. Ya yi aiki a ma'aikatar ruwa har ya yi ritaya. 'Yan hassada na cewa a teburin buga hatimi ya tsufa, wai ruwan da ya taɓa sarrafawa bai wuce na butar shayin ofis ba. Mu dai mun ji yana kiran kansa Injiniya, muka bi.

Ilimin nasa da ƙafa biyu yake tafiya: ɗauri da fenti. Duk ranar hutu zai sa rigar aiki da ta sha guga, ya saɓa wata ƙatuwar sifana, ya bi famfunan gida yana murɗawa har sai ƙarfe ya yi kuka. Nan sunan Tamau ya samo asali. A gidansa wanke hannu aikin ƙarfi ne. Baƙo kan shiga banɗaki ya fito yana gumi, hannunsa a bushe, ya ce ai ya fasa. Abin da ya ƙi ɗauruwa kuwa, fenti ne maganinsa.

Abin alfaharinsa shi ne babban makullin ruwa da ke bakin get, wanda ke rufe ruwan gidan gaba ɗaya. Ya sha jan fenti, shafi kan shafi, har ya yi ƙiba. An yi masa akwatin ƙarfe da kwaɗo don kada hannun jahili ya kai gare shi. Injiniya kan nuna wa baƙi shi, ya ce tun da aka gina gidan ba a taɓa murɗa shi ba ko sau ɗaya. Baƙi su jinjina kai, don ba su san abin da ake cewa a irin wannan wuri ba.

Matarsa tela ce, kuma da kekenta ake cin abinci a gidan, ko da yake ba a faɗa a gaban Injiniya. Ɗakin ɗinkinta na ƙasa, daidai ƙarƙashin banɗakin bene, cike da yadudduka na mutane. Amanar da aka ba ta ke nan, kuma ta san idan ruwa ya taɓa su, sunan da ta yi shekaru tana ginawa ya tafi. Wata rana ta ɗaga kai ta ga tabo a silin. Cikin ladabi ta ce ko a kira mai gyaran famfo ya duba.

"Mai gyara? A gidana?" in ji shi. "Maman yara, ni fa nake koya wa gari yadda ake tare ɓarna. A ga mai gyara ya shigo nan, da wane ido zan kalli mutane? Wannan ba yoyo ba ne, gumin gini ne."

Ya hau tsani ya shafe tabon. Tabo ya dawo da 'yan'uwansa. Ya sake shafewa, wannan karon da fentin mai, mai kauri, wanda ko ɗigo ba ya bari ya wuce. Lallai ɗigo bai wuce ba. Silin dai ya fara tasowa a hankali kamar cikin akuya mai juna biyu. Injiniya ya ce fenti ne yake zama, sannan ya hau bene ya ƙara wa bututun banɗaki ɗauri.

Matar, baiwar Allah, ta daina barci sosai, ta kuma daina zancen mai gyara. To, dama Injiniya ya daɗe yana kwaɗayin ɗakin ɗinkin nan. So yake ya buɗe ofishin ba da shawara kan rigakafin famfo, ita kuma kullum tana hanawa. Sai ga ta da safe, kai a sunkuye, ta ce ta yi tunani, mutum mai matsayi irinsa bai kamata ya zauna babu ofis ba. Ita ɗan ɗakin ajiya na bayan kicin ya ishe ta. Kafin yamma ta kwashe keke da kayan mutane, ko allura ba ta bari ba. Injiniya ya zagaya layi yana ba magidanta sirrin zama da iyali: haƙuri da tsayawa kan magana ɗaya.

Ranar buɗe ofis duk ya gayyace mu. Sabon kafet, tebur mai sheƙi, hotunansa a bango, ga takardar yabon daɗewa a aiki cikin gilashi. Ya tsaya a tsakiya ya gyara murya.

"Jama'a, ruwa bawa ne. Wanda ya san shi, shi yake ba umarni. Ni a gidan nan ɗigo ɗaya bai taɓa sauka ba tare da izinina ba."

Ɗigo ya sauka a kan hancinsa. Duk muka ga abin, duk muka kalli takalmanmu. Ya ce mu ba shi minti kaɗan, ɗan ɗauri ne ya rage, ya ɗauki sifana ya hau bene. Muna zaune muka ji ƙas, bututu ya karye. Sai silin ya haihu. Ruwan da aka yi watanni ana tarawa a bayan fenti ya sauko gaba ɗaya, sabo na biye da shi, ya wanke tebur da hotuna da manyan baƙi.

Aka ruga bakin get. Aka buɗe kwaɗo da ƙyar. Makullin ruwa na nan, ja wur, kyakkyawa, fenti da tsatsa sun riƙe shi gam. Ƙarti suka gwada, ko motsi. Injiniya ya ture kowa, ya sa sifana, ya tattara ilimin shekaru ya murɗa. Kan makullin ya ɓalle ya biyo hannunsa. Ruwa ya ci gaba da shiga gida babu mai ce masa kanzil.

Duk wannan hargitsi, daga bayan kicin ƙarar keken ɗinki ake ji, ba ta tsaya ba. Injiniya ya isa ƙofarta yana ɗiga, jan ƙarfe a hannu, ya tambaye ta ko dama ta san haka za ta faru.

Ba ta ko ɗago ba. "Ina ni ina sani, Injiniya? Rigakafi kawai na yi, yadda kake koya mana. Ga sauran fenti can bayan ƙofa, ko za ka shafa wa ruwan."