Layi na Shida

Ƙanena Nasiru yana karatu a Kongo, a ɗakina yake ɓoye jitarsa don kada Baba ya gani. Abokinsa ke koya masa a gindin mangwaro, da kaset, ba allo ba bulala.

Ranar da zai fara kaɗawa gaban jama'a, ina shara na tsinci takardar kiɗansa: layi shida da lambobi birjik. Ni kuwa na yi darasin kiɗa a sakandare, da rula malamarmu ta cusa mana cewa layi biyar ne. Tausayinsa ya kama ni. Na yi bisimilla na kwafe masa tsaf a layi biyar, tsohuwar kuma na kunna risho da ita.

Da la'asar ya zo. Ya daɗe yana kallon takardar.

"Yaya, ina layi ɗaya?"

"Kuskure ne, na gyara maka."

"Kowane layi tsirkiyar jita ce fa! Ƙirga tsirkiyoyin."

Na ƙirga. Shida. Na sake, ina salati. Shida dai.

Rabin waƙar ya iya kaɗawa a ranar.

Har yau in na raba wa 'ya'yansa alewa sai ya ce, "Ku ƙirga da kyau, Gwaggonku ba ta yarda da shida ba."