Gaisuwar da Na Yi wa Surukina a Kan Moto

Ban taɓa koyon kanikanci ba, amma a lokacin gani nake ba abin da moto, wato babur, zai ɓoye mini. Jar fitilar mai ta fara kamawa duk sanda na tsaya injin yana ralanti, wato yana juyawa a hankali, ina murɗa masa wuta kuma sai ta mutu. Nan take na gano cutar: moton nan zaman banza ne ba ya so. Har bayani na yi wa abokai a majalisa.

Ranar kasuwar Cadawa na haɗu da surukina a bakin hanya, yana jaye da rago. Kamata ya yi in kashe moto, in sauka in durƙusa. To, moton kuma in ya mutu sai an tura, ga fitila ta yi ja.

"Baba, ina wuni?" Vuum!

"Lahiya lau. Ina iyali?"

Vuum! Vuum! "Suna gaishe ka!"

Ragon ya fizge igiya, ya faɗa gonar gero. Baba ya dube ni ya ce, "Sauri kake, ɗana? Je ka abinka."

Ban kai garin Agiye ba injin ya ƙame. Makaniken da ya kwance shi ya ce famfon mai ya daɗe da gajiya, baƙin man kuma ya tsinke kamar ruwa.

Shekara uku ke nan. Har yau in na je gaisuwa, ko da ƙafa na zo, ina durƙusawa sai Baba ya ɗaga hannu: "Dakata, a ɗaure rago tukuna."