Wata Huɗu Ina Lallaɓa Motar Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Lahadi ne na fara lalata motar kawuna. Na san lokacin daidai saboda da hannuna na rubuta shi a littafi, har na ja masa layi a ƙasa, ina jin kaina kamar wadda ta ceci rai.

Ni irin ɗaliban nan ce da malami kan gama zangon karatu guda bai san muryarsu ba. Ina karatun haɗa magunguna, ina zaune wajen ƙanwar mahaifiyata a unguwar Parkchester, a nan ƙasar waje, kuma rayuwata ba ta wuce gida, jirgin ƙasa da laburare ba. Idan na sayi butar dafa ruwa, sai na karance takardar da ke cikin kwalin kafin in jona ta. (Har ɓangaren Sifaniyanci nakan leƙa, ko da an ɓoye wani abu a can.)

Kawu Sani kuwa yayan mahaifiyata ne. Ya yi shekara da shekaru yana tuƙa ma'aikatan jakadanci a garin nan, kuma abin da yake ji da shi a duniya, bayan iyalinsa, wata tsohuwar jar mota ce ƙirar Ingila, mai kujera biyu da rufin yadi, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. A ruɓe ya saye ta, ya yi ta gyara da hannunsa har ta dawo kamar amarya. Gareji na musamman ya kama mata a unguwar Morrisania. 'Ya'yansa maza biyu ko mukullinta ba sa taɓawa. Da zai tafi Kano na wata huɗu, ni ya kira, don na iya tuƙa mota mai giyar hannu tun a gida, kuma a cewarsa ni kaɗai ce a dangi ba ni da rawar kai.

"Malama," ya ce (haka yake kirana tun ina firamare), "abu biyu ne. Duk Lahadi ki fitar da ita ta sha iska. Kuma kada ki ba ta wuta tana da sanyi."

Na rubuta duka biyun. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku.

Lahadin farko na zauna a cikinta ina kallon agogon da ke nuna saurin juyawar inji, sai na shiga lissafi. Inji ƙarfe ne ke gogar ƙarfe. Duk juyi ɗaya, guga ɗaya. Ke nan in juyin ya ragu, cin ƙarfen ya ragu. Idan ba da wuta a sanyi yana da illa, me zai sa a ba da ita a zafi ma? Ban tambayi kowa ba, don abin ya yi mini kyau a takarda. Na buɗe jakata, na yanko filasta irin ta ciwo, na manna a kan gilashin agogon daidai kan dubu biyu. Na yi wa kaina alkawari allurar nan ba za ta ƙetare filastar ba har Kawu ya dawo. Ƙarfe goma da minti ashirin.

Daga ranar tsarina bai canza ba. In tayar da ita, in bar ta tana silo, inji na juyawa ba tafiya, a bakin gareji minti talatin cur, ina zaune ina bitar darasi. Sannan in fita a hankali. Da allura ta doshi filasta sai in ƙara giya, don na lura duk giyar da na ƙara allurar sauka take yi. Kafin in kai kwanar farko ina giya ta huɗu, ina tafiya kamar mai rakiyar gawa. In zagaya unguwa minti goma, in dawo in rufe, in rubuta.

Motar ta yi iya ƙoƙarinta ta gaya mini. Duk sanda na taka totur a giya ta huɗu sai ta hau rawar ɗari, sandar giya tana kakkarwa a tafina, wani sauti yana fitowa daga gaba kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na rubuta: "Alamun tsufa." Masu kai abinci a keke suna wuce ni suna waiwaye. Wata tsohuwa mai tura keken kayan wanki ta taɓa yin kafaɗa da kafaɗa da ni tsawon layi guda, har muka gaisa.

A wata na biyu ta fara wahalar tashi, ga warin fetur. Mai hankali sai ya nemi bakanike. Ni sai na ce ashe lallaɓawar ba ta isa ba. Na mayar da ɗumamawar minti arba'in, na ɓamɓare filastar na sauko da ita dubu ɗaya da ɗari biyar. (Mai karatun magani ce fa ni. Na ga magani yana ƙara wa majinyaci ciwo, sai na ninka masa.)

Kawu ya dawo ran Alhamis. Ran Lahadi abokansa suka taru a bakin gareji yi masa barka da zuwa, dattawa wajen takwas, wasu da manyan riguna don daga wani bikin suna suke. Na wanke motar tun jajibere, tana ta ƙyalli. Kawu ya zagaya ta sau biyu, ya shafa ta, ya dubi mutane ya ce, "Kun ga abin da nake gaya muku? Amana sai 'ya mace." Ni da ba na iya haɗa ido da mutane, ranar har murmushi na yi.

"Shiga ki ja mu, Malama. Yau ni fasinja ne."

Sai a murɗi na biyar ta tashi. Kawu ya dube ni. Muka hau titi, na sa ta biyu, ta uku, ta huɗu, duk kafin mu wuce gida uku. Akwai 'yar gangara da ake hawa kafin fitilar hanya. Na taka totur, tsakuwar nan ta fara kaɗawa a gwangwani, sai na ga Kawu ya dafe ƙirji da hannu biyu kamar shi ake duka.

"Me kike yi? Sauko da giya."

"Kawu, allurar za ta hau."

"Ta hau mana."

Ban kai ga amsawa ba salansa ta yi wata ƙara kamar an fasa buhu, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, motar ta mutu a tsakiyar mahaɗa, ga bas a baya cike da mutane. Ban san dattawan nan suna da gudu ba sai ranar. Suka naɗe hannayen riguna suka turo mu har gareji, direban bas yana ta danna oda, wasu 'yan mata a bakin shago suna ɗaukar mu a waya. Ni ce a sitiyari. Da akwai ƙofa a ƙasan motar da ta nan zan fita.

Cikin dattawan akwai Baba Isuhu, bakanike ne mutumin Maraɗi, shi ya taya Kawu haɗa injin tun farko. Ya tuɓe babbar riga, ya buɗe gaban motar, ya kwance fulogi ɗaya (shi buji yake ce masa) ya ɗaga sama. Baƙi ƙirin, kamar an tsoma shi a tukunyar da ta ƙone. Ya zaro sandar gwada baƙin mai, ya shinshina, ya miƙa wa Kawu. Kawu ya shinshina, ya rufe ido.

Na ce a hankali, "Baba, ta lalace ne?" Ya goge fulogan ɗaya bayan ɗaya, ya mayar, ya tayar da ita, ya bar ta ta ɗan yi zafi, sannan ya sa hannu ya ba ta wuta. Na ga allura ta tsallake filastata ta yi sama.

Jama'a, a nan ne abin ya faru. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban babba ba, sai na ji bakina ya ce da ƙarfi, "Baba, kada ka wuce layin!"

Kowa ya juyo yana kallona. Baba Isuhu ya saki totur, ya leƙa cikin motar, ya daɗe yana kallon filastar.

"Ɗiyata, mi ne ne wannan? Agogon ne ya ji ciwo?"

Maimakon in yi shiru, sai na ciro littafina don in wanke kaina. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya sa tabarau ya fara karantawa a fili, don shi bai san karatun zuci ba. "Ɗumamawa, minti talatin. Tafiya, minti goma. Giya ta huɗu tun daga kwanar farko. Allura ba ta wuce layi ba, alhamdulillahi." Ya juya shafi. "Alamun tsufa." Ya sake juyawa. "Alamun tsufa sun ƙaru." Wani dattijo ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Sati goma sha bakwai na laifi, da kwanan wata da lokaci, da kyakkyawan rubutuna. Ko ɗan sanda ba zai haɗa shaida haka ba.

Baba Isuhu ya rufe littafin ya yi mini bayani ba tare da faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ce tsohon inji in ya daɗe yana silo, fetur ba ya ƙonewa duka, sai ya bar baƙi a fulogi, saura ya zurara ya tsinka baƙin mai. Tafiyar minti goma kuma ba ta isa man ya yi zafin da zai kori fetur da raɓar da suka taru a ciki ba. "Babbar giya kuma a tafiyar hawainiya," ya ce, "kamar ki ɗora wa tsoho buhun gero ne ki ce ya hau bene, amma kar ya yi numfashi da ƙarfi. Ƙarar da kike ji, ƙarafan ciki ne ke shan duka, ga man da zai kare su ya zama ruwa."

Na juya wajen Kawu. "Kawu, na kashe ta?" Ya kashe motar, ya zare mukulli, ya ce in gaida Antina in na koma gida.

Sati guda ban ji daga gare shi ba. Na karanta duk abin da ya kamata in karanta tun farko, kuma ko'ina maganar ɗaya ce: a sanyi a bi inji a hankali, in ya yi zafi a bar shi ya yi aikin da aka ƙera shi dominsa. Abin da na koya, wanda ba ya cikin kowane littafi, shi ne mai taka-tsantsan ma yana ɓarna, bambancinsa da mai ganganci kawai shi ne shi yana yi a tsanake, duk sati, kuma yana jiran a gode masa.

Lahadi da sassafe Kawu ya kira ni. Na tarar an canza mai da fulogai. Ya ce in shiga gefe. Ya ja mu a hankali har allurar zafi ta zo tsakiya, sannan ya hau babban titi ya taka. Injin ya buɗe murya, wata murya mai daɗi da ban taɓa sanin yana da ita ba, allura ta haura dubu huɗu, na ƙanƙame kujera ina salati a zuci. Sai da muka yi nisa ya rage gudu, ya karkata kunne yana sauraron gaban motar. Na tattara ɗan ƙarfin halin da ya rage mini.

"Kawu, don Allah ka gaya mini. Na kashe ta?"

Ya ce, "Ba ta mutu ba. Amma Isuhu ya ce wata huɗunki sun ci mata abin da ni ban ci ba a shekara huɗu, kuma wannan ba ya dawowa. In mun kai inda ake sauka daga babban titi nan gaba, zan tsaya ki karɓa. Ki taka sai na ce ya isa. In kuwa kika sa mini giya ta huɗu ban ce ba, zan sauke ki a tasha ki hau jirginki."