Sunan Surukin Gumsu

"Lafiya lau, sai yunwa. Wane irin miji ne wannan, a aike shi cefane ya dawo da takarda?"

Haka Gumsu ta amsa gaisuwar jikanta Zarami, ko ɗago kai ba ta yi ba daga kifin da take bandawa. Zamanin En'e ne, shekarar da malamin ɗakin karatu na Haɗejiya ya ɓullo da sabon abu: duk Alhamis sai ya tara waɗanda suka iya boko, ya koya musu rubuta asalinsu, uba bayan uba. Zarami maɗinki ne, da girmansa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ka san sabon shiga, ko masallaci za shi fensir na maƙale a kunne. Ya rubuta ubansa, ya rubuta kakansa, sai abu ya cije. Mutumin da ya taso daga Barno ya kafa gidan, kowa "Baba na Bakin Kogi" ya taso ya ji ana ce masa. Ainihin sunansa ba mai rai da ya sani sai wannan tsohuwa, ita kuwa surukinta ne, bakinta bai taɓa furta shi ba.

"Amarya, yau ba faɗa ya kawo ni ba. Suna ɗaya nake roƙo."

"Na wa?"

"Na uban kakana."

"A'uzubillahi! Ku zo ku ga marar kunya. Ni zan kama sunan surukina? Da bakin nan?"

"Wane baki? Haƙora biyu suka rage a ciki, su ma ba sa ga maciji da juna."

"Biyun nan sun ci kifin da ya fi ka nauyi. Kai da naka talatin me ka taɓa ci? Zare kake gutsura."

"Bala mai gyaran keke ya jero iyaye bakwai. Ni na tsaya a biyu, kamar wanda ambaliya ta kawo."

"Ai ita ta kawo ka. Ni na tsamo ka a cikin koma tare da wata tarwaɗa. Tarwaɗar na so in riƙe, aka ce babu kyau."

"To in kin ƙi, zan rubuta: uban kakana kwaɗo ne, surukarsa ta shaida."

"Rubuta mana! Kyan ɗa ya gaji ubansa. Wanda ya ga idanunka ai ba zai nemi shaida ba."

Zarami ya yi dariya, amma dariyar iyakarta leɓe. Tsoro ne fal a ransa. Da daminar nan tsohuwa ta kwanta ciwo, kwana uku ba ta ce uffan ba, har an fara kiran dangi.

Ya rage murya ya ce, "Kaka, da kin tafi a ciwon nan, da ya tafi tare da ke. In 'ya'yana suka tambaye ni daga ina muke, in ce musu me?"

Gumsu ta tsura wa hayaƙi ido.

"Shekarar yunwa, ina goyon ubanka, mutumin nan rabin tuwonsa yake aiko mini, ya ce wai ya ƙoshi. Ba zan so ya ɓace ba. Amma faɗa, wallahi ba na faɗa." Ta harare shi. "Ka yi karatun allo kuwa, ko boko ya lashe duka?"

"Na yi izu goma."

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Bari mu gani. Annabi Musa, wa ya ba shi 'ya ya aura?"

"Annabi Shu'aibu mana."

Caraf tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, sai ka ce jiya aka kawo ta gidan.

"Ni dai ban ce komai ba. Kifin nan ne shaidata."

Sai a lokacin Zarami ya gane. Ya zaro fensir, ya rubuta harafi bayan harafi, sannan ya karanta da ƙarfi: "Shu'aibu na Bakin Kogi!"

"A hankali, ɗan nema! Ka yi masa addu'a tukuna."

Suka shafa fatiha. Zarami ya goge ido da hannun riga, ya ce hayaƙi ne, ya zube mata goro a cinya.

"Na sallama, amarya. Tsohuwar zuma da ke ake magani."

Gumsu ta ƙyalƙyale da dariya, ta zaɓo tarwaɗa mafi girma a kan wuta ta miƙa masa.

"Ungo 'yar'uwarka, ku gaisa. Ita ma ka sa ta a takardar."