Jatau da Wutsiyar Adireshi

A garin Rijiyar Tsamiya akwai wata tsohuwa, Iya Tabawa, mai 'ya'ya biyu da gona ɗaya. Babban, Sallau, ya tafi neman kuɗi ta hanyar Agadas, yana aiko mata ɗan abin cefane ta kirifto, kuɗin nan da ke yawo a waya. Ƙaramin kuwa shi ne Jatau, bawan Allah wanda in ka ce masa ya tsaya nan, to a nan damina za ta same shi. Ni dai ban taɓa ganin mai biyayya mai ban tausayi kamarsa ba.

Wata rana Haladu, mai shagon da ke canza musu kuɗin, ya zaunar da Jatau ya ce, "Adireshin kirifto dogon layi ne na haruffa da lambobi, kuma yana da wutsiya. Haruffan ƙarshe lissafin na gaba ne. In ka ɓata ko guda, wutsiya ba za ta yarda da jiki ba, waya ta ƙi tura kuɗin." Jatau ya ce ya gane sarai. Washegari Iya ta aike shi ya kai tuwo gidan ƙanwarta, ta yi masa kwatance. Ya zagaya gidan, ya leƙa bayan katanga, ya dawo da tuwon a hannu. "Iya, adireshin ba shi da wutsiya, shi ya sa ban shiga ba."

Wata rana, bayan Sallau ya yi watanni shiru, Iya za ta gidan rasuwa ta ce, "In wayar nan ta yi ƙara, ka kawo min duk inda nake." Ta kuwa yi ƙara. Jatau ya ratsa masu zaman makoki har ƙofar ɗakin da ake wankan gawa, ya miƙa mata. Muryar Sallau ce, ba shakka. Sai dai babu gaisuwa, babu ko jan numfashi, bayanta kuma tsit kamar cikin tulu. "An tsare ni. Ku sayar da gona. Zan turo adireshin da za ku tura kuɗin." Matan da ke wurin duk tsigar jikinsu ta tashi. Iya kuwa kuka ta fashe da shi, na murna da tsoro a haɗe.

Aka sayar da gonar, wadda ita kaɗai ce abincinsu. Muryar ta sake kira, wannan karon Jatau ya ɗauka. "Adireshin ya shigo. Kada kowa ya gan shi duka, sai kai."

Wata rana Jatau ya nufi shagon Haladu da kuɗin gona a ɗaure. A hanya ya tuna cewa Haladu ma kowa ne. Sai ya kwafe adireshin a bayan kwalin ashana, ya haddace haruffan ƙarshe, ya rubuta wasu na daban a gurbinsu, ya goge saƙon. Haladu ya shigar da abin da ke kan kwalin, waya ta yi ja ta ƙi. Ya sake, ta sake ƙi.

"Kai Jatau, me ka yi wa wutsiyar?"

"Tana bakina. Yaya ya ce kada kowa ya gani."

Haladu ya yi lallashi, Iya ta zo ta yi kuka har ta ɗaga masa hannu, abin da ba ta taɓa yi ba. Jatau na hawaye, amma ya datse haƙora. An kira lambar Sallau, a kashe. Garin kaf ya tsine wa wawan da zai kashe ɗan'uwansa.

Ana cikin haka wani direba ya sauka da jakar Sallau. Ya durƙusa gaban Iya ya ce zazzaɓi ya kashe Sallau watanni da suka wuce, tun kafin ruwan farko, da hannunsa ya sa shi a kabari, wayarsa kuma ba a gan ta ba. Haladu ya sunkuyar da kai. Ya gane 'yan damfara ne suka kwaikwayi muryar da na'ura, kuma da kuɗin ya shiga wancan adireshi, ba zai dawo ba har abada.

Direban bai rufe baki ba, wayar ta yi ƙara a aljihun Jatau. Ya ɗauka, kowa na ji.

"Jatau, kun tura?"

"Yaya, ga baƙo nan ya ce ka mutu. In turo, ko in bari?"

Nan take layin ya yanke. Iya ta jawo kan Jatau ta rungume. Da la'asar ta ɗauki kuɗin da kanta ta je ta karɓo gonarta.