Rasuwar Baƙar Waya Mai Madannai

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da bai saba nunawa ba, tsohon kafinta mazaunin bene hawa na uku yana sanar da rasuwar wayarsa, baƙa, mai madannai. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana jikin caji, bayan shekara goma sha huɗu a aljihunsa na hagu.

Marigayiya ba ta da surutu. A danna ta, ta ce ƙit. Saƙo ya tafi, ta ce tit. Ba ta taɓa tambayarsa aji nawa ya yi a makaranta ba. Ba ya son danna madanni sau uku don harafi ɗaya, sai ya raɗa wa mutane sunan da dannawa ɗaya ke bayarwa, ita kuma ta karɓa. 'Yarsa A ce. Ɗansa, wanda tsohon yake zaune a gidansa, D. Mai sayar da katako DD. Da ido ya fara yi masa gardama, babban yatsa ya riga ya haddace hanya: ƙasa sau biyu ɗa, sau shida mai magani. Har ta koma, ba ta gaya wa yaran cewa ubansu ya daina ganin rubutu ba. Wannan ita ce amana.

Akwai lamba ɗaya da ya sa wa WWW don ta zauna can ƙarshe, ta ƙanensa. Shekara tara ba sa magana, kan abin da ba a nan za a faɗe shi ba. In ya danna sama sau ɗaya, sunan ya fito. Yakan riƙe wayar haka jim kaɗan, sannan ya mayar aljihu. Bai taɓa kira ba. Amma lambar tana nan, kuma ya san tana nan.

Ciwon ya faro daga madanni na biyar, wanda ya nutse. Batir ya kumbura, aka ɗaure bayanta da roba. Da ta yi shiru, 'yar ta kai ta wurin mai gyara, ya buɗe, ya girgiza kai. Ashe duk lambobin a cikin kanta aka ajiye su, ba a kan layi ba. Ta tafi da mutum sittin da ɗaya.

Ta bar caja mai lanƙwasasshen baki, da roba biyu, da mai ita. Ta kuma bar magajiya da ɗan ya sayo, faffaɗa, sumul kamar madubi. Wannan ba ta san yatsan da ya yi shekara arba'in yana riƙe zarto ba. A shafa ta, ta yi banza da mutum. In za a kira wani sai an jira suruka, matar ɗan, ta gama aiki, a faɗi sunan da baki, a gabanta. Matakala arba'in da biyu ce tsakaninsa da titi, gwiwa kuma ta ƙi. An ce ƙanen ba shi da lafiya. 'Yar tana da lambarsa. Kafinta bai taɓa roƙon ko ƙusa ba, ba kuma zai fara da wannan ba.

Za a sa marigayiya a akwatin kayan aiki, gefen guduma, ranar Asabar da safe. Ba a karɓar gaisuwa ta waya. Mai ta'aziyya ya hawo da ƙafarsa, ƙofa a buɗe take, akwai kujera ɗaya da ba mai zama a kai. Ba a hana kowa zuwa ba. An ce kowa. Wanda hanya ta bi da shi ta gidan ƙanen, ba a aike shi ba. Amma in ya karanta masa wannan sanarwa, ba za a yi masa faɗa ba.