Yadda Za Ka Kare Fuskar Yayarka Da Firintar Gida

Yayarka mai aikin jinya ta ce garkuwar fuska ta ƙare musu a asibiti, ga shi gobe za ta wuni gaban masu tari. Faɗuwa ta zo maka daidai da zama! Bi matakan nan, na rantse ka zama gwarzon dangi.

1. Tashi firinta

Za ta yi gurnani ta haɗiye takarda. Kwaɗa mata mari a gefe, inji ma yana son a san da shi. Buga zanen maɗaurin goshi, ka yanka.

2. Tara kaya

Ciro farar robar nan mai garai-garai daga bangon kundin karatun matarka. Soson da zai zauna a goshi, yanko daga katifa, ta ɓangarenta. Robar ɗaurewa kuwa zaro ta wandonka, ka riƙe shi da hannu ɗaya. Sadaukarwa ke nan.

3. Tsaya ka yi tunani

Alherin da aka liƙa wa suna, alheri ne ko talla? Tambaya ce mai nauyi, ni ma ta sha hana ni cin abinci. Juya ta sosai, sannan ka buga hotonka a tsakiyar robar, da sunanka ɓaro-ɓaro. Haɗa komai da gam.

4. Gwada a kan matarka

Za ta ce, "Maigida, ba abin da nake gani sai hancinka."

Ce mata ai kariya ke nan. In ta yi karo da ƙofa, yaba ƙwarin robar.

5. Kai wa Yaya

Za ta ɗaga garkuwar ta ce, "Kai yaron nan, allura zan yi wa mutane ko lalube?"

Kada ka yi kuka sa'ad da ta jiƙa auduga ta goge ka tas daga jikin robar, daga gira har haɓa. Za ta ɗaura, ta juya kai, ta yi tsalle, abin bai motsa ba.

"Ta yi! Yi wa abokan aikina ma. Amma ka bar fuskarka a gida."

Za ka koma kana rawa a hanya, alhali ba wanda zai san kai ne ka haɗa su.

Gargaɗi: garkuwa ba ta hana sa takunkumi. In kuma ka kamu da jarabar yin alheri a ɓoye, ba ni na aike ka ba, ban san maganinta ba.